Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rabin Makin da Na Ƙi Karɓa

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya amince in ci gaba da wasan ches. Amincewar ba ta zo da sauƙi ba. Baba ɗan Malikiyya ne, ya kuma san Imamu Malik ya ƙyamaci shaɗaranji, wato ches a bakin Larabawa. Sai da malaminmu na Larabci ya taka har zaurenmu lokacin hutu, ya yi masa bayanin cewa Imamu Shafi'i ya sassauta muddin ba caca a ciki kuma ba ta shagaltar da mutum daga salla. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya dube ni ya ce, "Ba kuɗi, ba wuce lokacin salla. Ranar da ka karya ɗaya, ka bar ta ke nan." Na ce, "To, Baba."

Wannan malamin na Larabci shi ne ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da muke kiransu da su a makaranta. Ya ce Larabawa sun riga Turawa sanin wasan, don haka ba dalilin da zai sa mu riƙa karya harshe. Wadda Turawa ke kira sarauniya muka ce waziri, mai tafiya a karkace giwa, mai tsalle doki, na kusurwa hasumiya, ƙananan takwas na gaba kuma dakaru. Har ya ba mu labarin cewa a fadar Borno an taɓa yin wani nau'insa da ake kira tsatsarandi. Amma wanda ya koya mana wasan kansa ɗan bautar ƙasa ne, Bayarabe daga Ibadan, mai koyar da kimiyya. Kofa muke ce masa. A bangon ɗakin gwaje-gwaje ya manna wata yankakkiyar jarida mai labarin yadda kwamfutar IBM, Deep Blue, ta doke zakaran ches na duniya Garry Kasparov a birnin New York a watan Mayun 1997, uku da rabi da biyu da rabi. A ƙarƙashin wannan takardar muke zama kowace Laraba da Asabar bayan la'asar.

Allo biyu kacal muke da su. Ɗaya na roba ne da Kofa ya zo da shi, ɗayan kuwa mu muka zana gidaje 64 a bayan kwalin sabulu. Dakare ɗaya na baƙi ya ɓace tun farkon zango, muka maye gurbinsa da murfin kwalbar lemo.

Bayan ƙaramar sallar 1998, cikin watan Fabrairu, takarda ta iso cewa za a yi gasar makarantun sakandare a Kaduna, kowace makaranta ta turo 'yan wasa huɗu. A nan na fara jin cewa ana yin ches a ƙungiyance. Ni dai a sanina, kamar dara take: kai da abokin karawarka, in ka ci naka ne, in an cinye ka ma naka ne. Kofa ya ɗauki alli ya zana tebur huɗu a jere. Ya ce kowace makaranta za ta jera 'yan wasanta bisa ƙarfi, gwani a allo na ɗaya, har zuwa na huɗu, kuma da zarar an miƙa jerin ba a sake shi. In ɗan allo na ɗaya ya riƙe fari, na biyu baƙi zai riƙe, na uku fari, na huɗu baƙi. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, kunnen doki rabi, wanda aka cinye ba komai. A ƙarshe a tara na mutum huɗun, shi ne na makaranta. Ya ce haka ake yi a babbar gasar ƙasashen duniya da hukumar ches ta duniya, FIDE, ke shiryawa. Gaskiyarsa kuwa, a lokacin makin alluna ake ƙirgawa. Sai a 2008, a birnin Dresden na Jamus, aka koma bai wa ƙungiyar da ta yi rinjaye maki biyu, kunnen doki ɗaya.

Muka yi gasar cikin gida don fitar da huɗun. Wani ɗan aji shida ya zo na ɗaya, ni na biyu, abokina na ɗaki na uku. Na huɗun shi ya ba kowa mamaki: wani ɗan aji biyu, siriri, wanda rigarsa ta makaranta ke kai masa gwiwa. Auta muka sa masa. Ba ya da ƙwarewar kai hari, sai dai haƙuri kamar na mai kamun kifi. Zai zauna ya tallabe kumatu da hannu biyu, ya ƙi yin kuskure har sai kai ka gaji ka yi.

Lokacin ana fama da ƙarancin man fetur, layin motoci a gidajen mai ba a ganin ƙarshensa. Motar makaranta ba ta da ko ɗigo. Kofa ya haɗa da kuɗin alawus ɗinsa muka shiga motar haya daga Zariya da sassafe, sanyin hunturu na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. Auta a kan cinyata ya yi tafiyar, rungume da ledar da muka zuba 'ya'yan wasan.

Zauren gasar shi ne wuri mafi shiru da na taɓa shiga alhali cike yake da yara. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin agogo. Ranar na fara ganin agogon ches: fuska biyu a jiki ɗaya, maɓalli biyu a sama. In ka yi tafiyarka ka danna naka, lokacinka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara gudu. Kusa da sha biyu akwai wata 'yar jar tuta da doguwar allurar ke ɗagawa a hankali. In ta faɗi kafin a gama, an cinye ka, ko da kai ke da rinjaye. Awa ɗaya aka ba kowa. Aka kuma raba mana takardar rubuta tafiya, kowane motsi sai ka rubuta, naka da na abokin karawarka. Alƙalin wasa ya maimaita doka ɗaya har sau uku: abin da ka taɓa da niyya, in naka ne dole ka motsa shi, in na abokin karawarka ne dole ka ci shi matuƙar akwai halin ci.

Zagaye biyar aka yi cikin kwana biyu, bisa tsarin da ba a korar kowa: kowane zagaye a haɗa ku da makarantar da makinku ya yi kusa da nata. Zagayen farko muka sha kashi, uku da ɗaya, a hannun yaran da ke da mai horarwa na musamman. Na biyu muka cinye duka huɗu. Abokin karawata ya faɗa tarkon nan na tafiya huɗu da ake kama sababbin shiga da shi. Na uku da na huɗu muka yi abin kirki. Daren Asabar, a ajin da aka ba mu muka shimfiɗa tabarmi, Kofa ya yi lissafi a bayan takarda da hasken tocila. Makarantu biyu na sama ne za su wuce mataki na gaba. In muka samu biyu da rabi a zagayen ƙarshe, matsayi na biyu namu ne, ba ruwanmu da sakamakon kowa.

Da safe na tarar da abokiyar karawata a allo na biyu mace ce, 'yar aji biyar kamar ni, da gilashi mai kauri. Ta miƙo hannu, na ɗan sunkuyar da kai a maimakon musabaha, ta gane, ta yi murmushi ta danna agogo. Ni ke da baƙi.

Ɗan aji shidanmu ya ci nasa da wuri. Abokina a allo na uku ya yi sakaci da wazirinsa aka cinye shi. Saura ni da Auta. Ina wasa ina satar kallon teburinsa. Yaron da yake karawa da shi ya ninka shi girma, amma Auta na nan tallabe da kumatu, tawadar biro ta ɓata masa yatsu har da gefen baki. Sun haura tafiya sittin. Can na ga ya tura dakarensa gidan ƙarshe, ya ɗaga ido yana neman wazirin da zai musanya da shi. Babban yaron ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Biyu da ɗaya, mu ke gaba.

Nawa wasan yana tafiya daidai. Na fi ta dakaru biyu, tutarta kuma ta fara ɗagawa. Ta yi tafiyarta, ta dube ni ta cikin gilashin, ta ce da Turanci a hankali ko zan yarda a tashi kunnen doki. Makarantarsu ba ta cikin masu neman wucewa. Rabin maki dai take son tsira da shi.

A lokacin, a gasar ƙungiya an yarda ɗan wasa ya tambayi jagoransa ko ya karɓi tayin kunnen doki. Jagoran ba zai ce uffan kan yadda allo yake ba, amsarsa e ko a'a ce kawai. Na nemi izinin alƙali, ya raka ni inda Kofa yake tsaye. Bai bari na gama tambayar ba. Da 'yar Hausar da ya koya a wata shida ya ce, "Karɓa. Ya isa."

Taku goma ne tsakaninsa da teburina. A cikin taku goman nan na tuna ɗakin kwananmu. Na ji muryoyin da za su ce ga wanda ya kasa cin mace, alhali ɗan aji biyu ya ci ƙato. Na tuna ni ne na biyu a makaranta, kuma wasan a hannuna yake. Na zauna. Ban ce mata komai ba, na kai hannu kan allo, wanda a dokar wasa ƙin tayin ke nan.

Har yau ina ganin allon. Kowane gida a allon ches da harafi da lamba ake kiransa. Sarkina yana g8, hasumiyata a a6, dokinta a f5, wani dakarenta ya kutso har c6. Abin da ya kamata shi ne in matsar da sarki zuwa f8 ya tsare gidan e7, dakaren ba inda zai tsere mini. Amma ina sauri in nuna an gama. Na ɗaga dakarenta da yatsu biyu don in ɗora hasumiya a gurbinsa. Yana hannuna, bai ma kai gefen allo ba, na ga abin. Doki zai dira e7, ya yi wa sarki barazana, ya kuma auna hasumiyar da ke c6 a lokaci guda. Hannuna ya tsaya a sama. Alƙali yana tsaye a kaina, ita ma ta gani. Na taɓa, dole in ci.

Ba ta yi gaggawa ba duk da tutarta na rawa. Ta ɗauki dokin ta ajiye a e7, ta danna agogo, ta rubuta. Na matsar da sarki, ta ɗauke hasumiyar. Na ƙara tafiya goma sha wani abu ina fatan tutarta ta faɗi, ba ta faɗi ba. Na tsayar da agogo. Biyu da biyu. Makarantar da ke bin mu a baya ta cinye nata wasan, ta wuce mu da rabin maki.

Kofa bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi takardar tafiyata ya ninke ya sa a aljihu, ya ce mu je mu yi azahar kada lokaci ya fita, shi da ba Musulmi ba. Ya san sharaɗin Baba. A wurin alwala ɗan aji shidanmu ya ƙi kallona. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ba shi da wata gasar.

A mota Auta ya sake zama a cinyata, don ba wani wurin. Mun wuce Jaji ba wanda ya yi magana. Na ɗauka barci yake. Sai ya juyo, tawadar nan har lokacin tana gefen bakinsa, ya ce a hankali yadda sauran ba za su ji ba, "Siniya, da ta ce a raba, ba ka ga na riga na ci nawa ba?"

Na ce, "Na gani."

Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon ledar, bai ƙara cewa komai ba har muka shiga Zariya.

Ranar Laraba ban je ɗakin gwaje-gwaje ba. Asabar ma haka. Na riƙa bi ta bayan ɗakin cin abinci don kada in haɗu da kowa a cikinsu. Daren Lahadi, ana tsakiyar karatun dare, wani ɗan aji ɗaya ya leƙo ajinmu ya ce Kofa na kirana. Na tarar da shi shi kaɗai, fitilar ƙwai a kan benci saboda an ɗauke wuta. A gabansa allon kwalin nan ne, ya jera wasan daidai yadda yake kafin in ɗaga dakaren: sarki a g8, hasumiya a a6, doki a f5. A gefen allon akwai wata takarda mai hatimin shugaban makaranta, a kife. Ya nuna mini kujera, ya ce in zauna a ɓangaren fari, inda yarinyar ta zauna.

Abin da ke cikin takardar, da abin da ya sa ni yi a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.