Ɗan ƙwanso kamar masoro

Yau a lab malaminmu ya ce in leƙa maikiroskop in ga ƙwanson man fusion (wato haɗe ƙwayoyin zarra don samar da makamashi) da ake harba wa leza don a matse shi, wallahi bai fi ƙwayar masoro ba, milimita 2 kacal, na daimon, sai sheƙi yake. Na ce malam ai wannan lafiya lau yake, sai ya nuna min wani ɗan tabo da ko silin gashi ya fi shi kauri, ya ce wannan kaɗai ya isa ya ɓata matsewar.

Jikina ya yi sanyi fa. Irinsa leza 192 suka matse a Livermore ta Amurka a Disambar 2022, aka zuba makamashin leza megajul 2.05 (megajul ma'aunin makamashi ne) aka samu 3.15. Tashar lantarki ta fusion kuwa sai ta ci irin wannan ƙwanso kusan 10 duk daƙiƙa, har yanzu ina ta tunanin yadda za a ƙera su da yawa haka ba tabo.