Dandamalin katakon bayan gida: inda aiki ya kwana bayan damina

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon aikin katako. Ga bayanin inda na kai da dandamalin da ke bayan gidanmu a Samaru, wanda na kafa shekara uku da suka wuce a gindin darbejiya, tsawo mita 4, faɗi mita 3. A kansa Inna take shan hantsi, a kansa kuma yara suke tilawa bayan magariba, shi ya sa ba na son ganinsa yana lalacewa.

Makon farko na Oktoba. Ruwa ya fara ɗaukewa. Daminar Zariya ba ta raga wa katako, domin daga Mayu zuwa yanzu ruwan da ke sauka yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗan ɗara, na Agusta kuwa ba a magana. Abin da na tarar: gansakuka ta mamaye gefen da rana ba ta kaiwa har ƙafa na zamewa, kowace ƙusa ta yi baƙin zobe a kewayenta, sannan ganye da 'ya'yan darbejiya sun cushe ratar da ke tsakanin falanki da falanki.

Da ratar nan na fara, kuma ita ta fi cin lokaci. Yamma uku na yi a tsugune ina sakace ta da tsohon bakin zarton yanka ƙarfe. Lokacin kafawa na bar kusan milimita 5 a tsakani, ina auna ta da ƙusa mai inci 4, don ruwa ya samu hanyar wucewa, iska kuma ta ratsa. Da zarar ta toshe sai dattin ya zama kamar soso, ya riƙe laima a gefen falanki mako da makonni, daga nan ruɓa take farawa alhali saman yana nan fes. Abin da na ciro ya cika bokiti biyu, har ya fara zama taki.

Wanki bai ba ni wahala ba. Omo a ruwa, buroshi mai tauri, ina bin tsawon falankin yadda jijiyar katakon ta kwanta. Inda gansakuka ta kama na sa Hypo kaso 1 cikin ruwa kaso 5, na bar shi minti 10, na ɗauraye da ruwa mai yawa. Don Allah kada wanda ya haɗa Hypo da maganin wanke bayi mai asid ko da lemun tsami, iskar da yake fitarwa guba ce. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar aro injin masu wankin mota. Na gwada a lungu ɗaya, sai ƙarfin ruwan ya tayar da gashin katakon ya bar shi kaushi-kaushi, na mayar musu da abinsu.

Mako na biyu. Wannan ne babban labarin. Na ɗauki tocila da sukundireba na leƙa ƙarƙashi, abin da rabona da yi tun bara. A jikin ɗaya daga cikin ƙafafu shida na ga zanen jar ƙasa siriri ya hau sama. Gara ce. Ruwan damina ya kwaso yashi ya binne simintin da ƙafar ke zaune a kai, katako ya haɗu da ƙasa, ita kuwa abin da take jira ke nan. Da na danna sukundireba sai ta shige kamar a cikin burodi, ga shi daga waje ƙafar lafiya lau take.

Na je Sabon Gari wurin dattijon kafintan da nake koyo a hannunsa, na nuna masa guntun. Ya jujjuya shi ya ce, "Ɗana, wane ice ne wannan?" Na ce, "Baba, farin katako ne, shi kuɗina ya kai a lokacin." Ya ce abin da zai kusanci ƙasa ba a yi masa arha. Ya tuna mini cewa magina na dā a cikin birni da azarar giginya suke rufi saboda gara ba ta cika samun sa'arta ba, kuma da ita mashahurin maginin nan Babban Gwani ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ya ce in nemi ƙirya, in ban samu ba in sa maɗaci. Maɗacin na samu. Na tallafe dandamalin da jak ɗin mota, na cire ƙafar, na ƙara wa simintin tudu ya ɗaga kamu ɗaya daga ƙasa, na shafe sabuwar ƙafar da Solignum, maganin kare katako daga gara, sau biyu, na fi ba wa bakin da aka yanka, domin ta nan katako ya fi shan ruwa. Sauran biyar ɗin na kwashe yashin da ya taru a gindinsu.

Na san da yawanmu baƙin mai muke shafawa, kuma ba na musun cewa yana korar gara. Ni dai ban sa ba. Yara suna zama a nan ba takalmi, rijiyarmu kuma ba ta fi taku goma daga wurin ba, baƙin mai kuwa yana ɗauke da dattin inji da ba na so ya gangara cikin ƙasa.

Baƙin zoben ƙusa ba datti ba ne, ƙarfe ne ya haɗu da sinadarin da ke cikin katako a cikin laima. Na zare waɗanda suka ɗago kai, na maye su da sukuru marasa tsatsa. Tabon ya ɗan dushe da ruwan lemun tsami, wanda na sa kwanaki bayan Hypo ya fita sarai.

Ƙarshen Oktoba. Shekarar farko banish na shafa don ina son ƙyalli. Zafin Maris da Afrilu ya farfasa shi, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Banish a saman katako yake kwanciya, shi kuwa katakon waje kumbura yake da damina ya motse da hunturu, abin da ya fi dacewa da shi man da zai shige cikinsa. Na goge ragowar banish ɗin da samfefa mai lamba 80, na share ƙurar, na ɗiga ruwa a wurare daban-daban. Inda ɗigon ya shanye nan take, katako ya shirya karɓar mai. Inda ya tsaya kamar ƙwalli sai na ƙara gogewa.

Man linsid, wato man 'ya'yan wani tsiro da ake shayar da katako da shi, na shafa, siriri, bayan rabin awa na goge abin da katakon bai sha ba, don in an bar shi danƙo yake yi. Na zaɓi wannan lokaci ne da gangan: ruwa ya tafi, hazo bai sauko ba. Wanda ya jira Disamba ƙura za ta manne wa man kafin ya bushe. Tsumman da aka goge man linsid da shi kada a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Nawa a bokitin ruwa na jiƙa su.

Jiya Inna ta koma wurin zamanta. Na roƙe ta a riƙa naɗe tabarma da dare, ta ce to. Saura shafi na biyu ranar Asabar in Allah ya kai mu, da sare reshen darbejiyar da ke hana rana isa gefen arewa. Na kuma auna faɗin falanki uku na rubuta a jikin bango, zan sake aunawa a Fabrairu in ga iya motsewar da hunturu zai sa su yi. Wanda a cikinku ya taɓa aiki da ƙirya, ina son jin yadda ya yi da taurinta wajen huda.