Funfunar da ke ciyar da saiwar gero da dawa

Babbar matsalar jigawar da ake noma gero a kanta, daga Daura har Maraɗi, ita ce ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda ko akwai shi a ƙasa ba ya motsawa zuwa inda saiwa take. Abin da ke cike wannan giɓi wata irin funfuna ce da ke kutsawa cikin saiwa, sannan ta miƙa zare wanda ya fi gashi siranta zuwa inda saiwar ba ta iya kaiwa, ta jawo mata fosfaras da ruwa, shukar kuma ta biya ta da sukari. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na tsirran doron ƙasa suna wannan ciniki, kuma an ga alamarsa a duwatsun Rhynie na Sikotilan masu shekara kimanin miliyan 400.

Funfunar nan iri-iri ce. Dangin Glomus suna saurin mamaye saiwa, suna kuma jure wa huɗa, amma Gigaspora tana tasowa ne daga ƙwayar irinta, don haka yawan kaftu da garma yana rage ta. Itatuwan doka da kawo wani rukunin funfuna dabam suke riƙewa, mai lulluɓe saiwa daga waje. Kabeji kuwa ba ya hulɗa da ko ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun ƙuduji, ciyawar nan mai tsotsar saiwar dawa da gero. Idan dawa ta rasa fosfaras, saiwarta takan fitar da sinadarin sitirigolakton domin kiran funfunar, kamar yadda masu bincike a Japan suka nuna. Wannan kiran ne kuma yake tayar da irin ƙuduji da ya yi shekaru kwance a ƙasa, shi ya sa gonar da ta gaji ta fi cika da furensa mai ruwan hoda. Gwaji a kan dawa a arewacin Kamaru ya nuna cewa idan funfunar ta riga ta kama saiwa, ƙudujin da ke tsirowa yana raguwa.

A ganina, kafin manomi ya sayi wata funfunar kwalba daga waje, gara ya kula da wadda ta saba da zafinmu da farinmu: ya haɗa wake da gero, ya zuba takin gargajiya, ya bar gawo a gona, kuma ya yi hattara da zuba takin sufa mai fosfaras fiye da kima, domin shukar da ta ƙoshi da fosfaras takan rage karɓar funfunar.