Asusun Karatu na Michael Murphy da Atisayen da Ke Ciyar da Shi

Laftanar Michael Murphy jami'i ne a rundunar SEAL ta sojan ruwan Amurka. Ranar 28 ga Yuni 2005 mayaƙan Taliban suka yi wa tawagarsa ta mutum huɗu ƙawanya a tsaunukan Kunar da ke Afghanistan. Da na'urar sadarwa ta ƙi kamawa, sai ya fito fili, inda harsashi ke zuba, ya kira a kawo ɗauki. A nan ya rasu yana da shekara 29. A 2007 aka ba shi lambar Medal of Honor, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, iyalinsa kuma suka kafa asusun tallafin karatu da sunansa.

Babbar hanyar da kuɗi ke shiga asusun ita ce atisayen da ake kira Murph, wanda ake yi ranar da Amurka ke tunawa da sojojinta da suka kwanta dama, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. Abin da mutane da yawa ke mantawa: yin atisayen kaɗai ba ya kai ko sisi ga ɗalibi. Sai an yi rajista an biya, ko an ba da gudummawa kai tsaye.

Ga tsarinsa: gudun mil ɗaya, wato kilomita 1.6; ɗaga jiki a sandar ƙarfe har haɓa ta haye, sau 100; ɗaga ƙirji daga ƙasa da hannuwa, sau 200; tsuguno da miƙewa, sau 300; sannan wani gudun mil ɗaya. Duk wannan da riga mai nauyin kilo 9, ko kimanin kilo 6 ga mata.

Masu hankali na yanka ukun tsakiyar gida 20, kowane gida ɗaga jiki a sanda 5, ɗaga ƙirji 10, tsuguno 15. Ƙirjin ne ke fara gazawa, shi ya sa wasu ke raba goman biyar-biyar. Sabon shiga ya ajiye rigar nan, ya yi rabin adadin.

Tafin hannu kan yage a kan sanda idan ba a goge kantar da ke tafin ba kafin ranar. Mafi haɗari shi ne narkewar tsoka ga wanda ya afka ba shiri, musamman cikin zafi. Idan hannu ya kumbura ya ƙi miƙewa, fitsari ya koma launin baƙin shayi, a tafi asibiti nan take, domin ƙoda ce ke cikin hatsari.