Yadda na zaɓi takalman nutso: tauri da zaman ƙafa

Lokacin da na fara nutso da numfashi ɗaya, wato shiga ƙarƙashin teku ba tare da tukunyar iska a baya ba, abin da ya fara ɗaukar hankalina a kayan masu wannan harka shi ne dogayen takalman da suke sawa a ƙafa. Kowane takalmi kashi biyu ne: akwai gidan ƙafa na roba mai laushi wanda ke rufe ƙafa har dunduniya, sannan akwai filafili mai faɗi da ke fita daga gaban yatsu, wanda tsawonsa kan kai santimita 70 zuwa 80. Dalilin wannan tsawo shi ne ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma mai nutso yana da numfashi ɗaya tak, saboda haka yana bukatar abin da zai tura ruwa mai yawa da bugun ƙafa kaɗan, a hankali, ba tare da ya ƙone iskar da ke jikinsa ba. Na fahimci wannan tun farko, amma sai da na shafe kusan shekara biyu kafin na gane cewa tsawon filafili ba ya amfanar da komai idan ƙafar mutum ba za ta iya lanƙwasa shi ba, ko kuma idan tana yawo a cikin gidanta.

Takalman farko da na saya na filastik ne, kuma na zaɓi mafi tauri a cikin nau'i ukun da aka saba samu, wato mai laushi, matsakaici da mai tauri. Lissafina a lokacin shi ne mai tauri zai fi tura ruwa, kuma tun da niyyata ita ce farautar kifi da bindigar mashi, zan bukaci ƙarfi don in bi kifi in kuma dawo da shi. Nauyina kilo 68 ne, ƙafafuna ba na mai tsere ba ne, kuma zurfin da nake zuwa a lokacin bai wuce mita 10 zuwa 12 ba, amma ban sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafi ba. Na kuma ɗauki lamba ɗaya sama da ta ƙafata, domin ina tsoron kada ya matse ni.

Matsalar ta fara bayyana ne a saman ruwa, tun kafin in nutse. Mafarauci yakan shafe mafi yawan yininsa yana kwance a sama, yana numfashi ta bututu, yana iyo daga wannan dutse zuwa wancan, nutson kansa kuwa ɗan lokaci ne a tsakani. Bayan kamar awa ɗaya sai in ji sha-raɓata ta fara ɗaurewa, idon sawuna yana zafi, tafin ƙafata kuma yana dunƙulewa har sai na tsaya na riƙe ƙarshen filafilin na ja shi zuwa gare ni kafin jijiyar ta saki. Na ɗauka rashin sabo ne, don haka na ci gaba da haƙuri, na ƙara motsa jiki, na ƙara shan ruwa kafin shiga teku. Duk waɗannan sun taimaka kaɗan, amma ciwon bai tafi ba.

Wanda ya nuna mini inda gizo ke saƙa wani dattijo ne da ya daɗe yana koyar da nutso, wanda ya biyo ni ƙasa wata rana yana kallon ƙafafuna kawai. Da muka fito sai ya ce da ni, "Ɗana, kai keke kake tuƙawa a cikin ruwa." Ya bayyana mini cewa bugun da ya dace daga ƙugu yake tasowa, cinya ta ja ƙafa gaba da baya, gwiwa ta ɗan saki kaɗan kawai, yatsu kuma su miƙe. Idan filafili ya fi ƙarfin mutum, jiki da kansa yakan nemi hanyar kauce wa nauyin: gwiwa ta lanƙwashe sosai, ƙafa ta ja filafilin ta gefen tsininsa maimakon ta tura ruwa da faɗinsa, sai mutum ya yi ta motsi mai yawa ba tare da ya yi nisa ba. Gwiwoyin da ke fita gaba kuma suna tare ruwa, suna rage gudu. Ga shi manyan tsokokin cinya su ne suka fi cin iskar oksijin a jikin mai nutso, don haka duk bugun da ya tafi a banza numfashi ne ya tafi a banza.

Ya ara mini nasa takalman, masu filafilin zaren gilashi mai laushi, wato siraran zaren gilashi da aka haɗe da danƙo, ya ce in bi igiya zuwa mita 10 in ƙirga bugun ƙafata, sannan in maimaita da nawa. A bugun farko na ji kamar babu komai a ƙafata, har na yi zaton ba na tafiya, domin na saba auna tafiya da yawan wahalar da nake ji. Amma na isa alamar da adadin bugu kusan ɗaya da wanda nake yi da masu taurin, kuma bambancin da ya fi jan hankalina shi ne yadda na isa: ƙirjina a natse, cinyoyina ba su yi zafi ba, kuma na iya kwanciya a ƙasa na ɗan jira, abin da a da nake yi da ƙyar. Filafili mai laushi yakan lanƙwashe ya yi baka yayin bugu, ya kori ruwa zuwa baya, sannan ya dawo da kansa a ƙarshen bugun ya ƙara turawa. Wanda bai lanƙwashe ba kuwa ruwa yake turawa sama da ƙasa kamar katako.

Bayan wannan rana na fara duba kowane takalmi da na samu a hannun abokan nutso, kuma na lura da abubuwan da ba a rubuta su a jikin kwali. Kalmar matsakaici ba ta da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, domin matsakaicin wani kamfani yana iya zama daidai da mai taurin wani. Haka kuma taurin ba daga filafili kaɗai yake zuwa ba: gidan ƙafa yana da haƙarƙari biyu na roba da ke bin gefen filafilin, kuma idan dogaye ne masu kauri, sukan danne filafili mai laushi su mayar da shi mai tauri. Na taɓa gwada filafili ɗaya a gidajen ƙafa biyu daban, na ji kamar takalma biyu ne da ba su da alaƙa. Gwajin da nake yi yanzu kafin in shiga ruwa mai sauƙi ne: in riƙe gidan ƙafar da hannu ɗaya, in danna ƙarshen filafilin da ɗayan, in ga inda bakan yake farawa. Wanda nake so shi ne mai ɗan ƙarfi kusa da yatsu, yana ƙara laushi a hankali zuwa ƙarshe, domin wanda ke karyewa a wuri ɗaya kusa da ƙafa yana da sauƙin bugu amma ba ya tura komai.

Ba zan ce mai tauri ba shi da wurinsa ba, domin na ga inda laushi ya gaza. Rigar nutso ta niyofirin, wato wata irin roba mai laushi kamar soso, tana cike da ƙananan kumfan iska, huhu ma cike yake, saboda haka a mitocin farko ruwa yana tura mutum sama, dole ya buga da ƙarfi kafin ya sauka. A mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, iskar huhu ta koma rabin girmanta, rigar ta matse, kuma a wajen nan ne yawancin masu nutso suke daidaita dalmar da suke ɗaurawa a ƙugu don ƙara nauyi yadda ba za su tashi ba, ba za su nutse ba. Daga nan zuwa ƙasa mutum yana ƙara nauyi, har ya kai inda zai daina bugu ya faɗi da kansa. Idan ya juyo daga mita 25 ko 30, yana da nauyi, ƙafafunsa sun fara gajiya, wataƙila kuma ga kifi yana ja a ƙarshen igiya, to a wannan lokaci filafilin da ya yi laushi da yawa yakan naɗe a ƙarƙashinsa ya ƙi ɗaga shi. Mutum mai kilo 90 ko fiye, mai riga mai kaurin milimita 5 ko 7 da dalma mai yawa, ko wanda ke farauta inda ruwa ke ja da ƙarfi, yana da hujjar ɗaukar matsakaici ko abin da ya ɗara shi. Hukuncina shi ne mutum ya auna taurin da ƙarfin da ya rage masa a nutson ƙarshe na yini, bayan awa huɗu a ruwa, domin a nutson farko kowane takalmi yana da daɗi.

Kuskurena na biyu, na lambar da ta yi mini yawa, shi ne ya fi daɗewa bai fito fili ba, kuma a yau shi nake ɗauka mafi girma. Duk ƙarfin da cinya ta samar sai ya bi ta gidan ƙafa kafin ya isa filafili, don haka idan akwai sarari a ciki, farkon kowane bugu yana ƙarewa ne a motsin ƙafa cikin roba. Dunduniyata takan ɗaga ta sauka, yatsuna kuma, ba tare da na sani ba, sukan ƙanƙame ƙasan takalmin don kada ya fice, kuma daga nan ne ɗaurewar tafin ƙafar nan take fitowa. Gogar robar ta kuma yi mini bororo a bayan dunduniya da kan babban yatsa, wanda ruwan gishiri ya hana warkewa da wuri. Na yi ƙoƙarin gyarawa da safa mai kauri, sannan da robar nan mai rassa uku da ake sawa a idon sawu don riƙe takalmi, kuma sun rage ficewar, amma ba su mayar da babban gida ƙarami ba.

Da na tashi sayen na biyu sai na fara da gidan ƙafa, na bar maganar filafili zuwa ƙarshe. Na tafi da safar niyofirin da zan riƙa nutso da ita, mai kaurin milimita 3, domin gidan da ya yi daidai da safa mai milimita 1.5 zai matse a kan mai milimita 5. Lambobin galibi na Turai ne kuma bibbiyu ake haɗa su, kamar 42 da 43 a gida ɗaya, sannan faɗin ya bambanta ƙwarai tsakanin kamfanoni, saboda haka lambar da ke ƙarƙashin takalmi ba ta isa shaida ba. Na sa na zauna, na miƙe ƙafa na nuna yatsu gaba kamar yadda suke a ruwa, na motsa sama da ƙasa ina lura da dunduniya. Sannan na bar shi a ƙafata kamar minti 15, domin matsi ba ya nuna kansa nan take. Na farko da na gwada ya riƙe dunduniya sosai amma ya danne gefen ƙaramin yatsa da bayan ƙafa har yatsun suka fara mutuwa, kuma na ajiye shi duk da cewa an ce mini roba takan saki. Takan saki kaɗan, amma gidan da ke hana jini gudu yana sa ƙafa sanyi da ɗaurewa cikin ruwa. Wanda na ɗauka shi ne wanda ya rungumi ƙafar ta ko'ina ba tare da wani wuri ɗaya ya fi jin matsi ba, yatsu suna iya ɗan motsi, ƙasansa kuma yana da ƙarfin da ba ya lanƙwashewa a ƙarƙashin tafin ƙafa.

Akwai kuma kusurwar da filafili ke yi da gidan ƙafa, wadda a yawancin takalman zamani takan kasance tsakanin digiri 20 da 30. Idon sawun mutum ba ya miƙewa sak, don haka wannan karkata ita ke sa filafilin ya daidaita da ƙauri, kuma ni da idon sawuna ba shi da sakewa sosai na ji amfaninta musamman a iyon saman ruwa, inda filafilin ya daina fitowa yana dukan iska.

Game da abin da aka yi filafili da shi, na daɗe ina sha'awar kabon, wato filafilin da aka yi da zaren kabon, domin ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi saurin dawowa bayan lanƙwasa. Amma farautata a cikin duwatsu take, inda nake kwanciya a ƙasa ina jiran kifi, ina shiga ruwa ta gaɓa mai tsakuwa, kuma kabon ba ya jure duka ko taku a kan kaifi. Filastik yana jure wannan duka, sai dai yakan riƙe lanƙwasa idan ya tsufa ko aka ajiye shi a karkace cikin zafi. Na tsaya a zaren gilashi, wanda ke tsakaninsu, na kuma koyi daina dogara da ƙarshen filafili wajen tashi daga ƙasa: da hannu nake ture dutse, sai na rabu da shi kafin in fara bugu. Wannan ya kare filafilin, ya kuma rage ƙarar da ke korar kifi.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da muhimmanci shi ne wata hawowa da na yi da tsofaffin takalman daga kusan mita 15, inda sha-raɓar hagu ta ɗaure a tsakiyar hanya, na ƙarasa da ƙafa ɗaya da hannu, na iso sama idona yana duhu. Suman mai nutso yakan zo ne a mitocin ƙarshe ko jim kaɗan bayan fitowa, lokacin da matsi ya ragu kuma oksijin da ke jini ya faɗi, kuma abokina da ke sama yana kallona shi ne ya riƙe ni har numfashina ya daidaita. Tun daga ranar ba na nutso sai ɗaya yana sama yayin da ɗaya ke ƙasa, kuma duk sabon takalmi sai na yi masa yini biyu ko uku a ruwa marar zurfi kafin in amince in sauka da shi. Wanda nake sawa yanzu mai laushi ne a gida mai gajerun haƙarƙari, da safa mai milimita 3, kuma na ajiye filafili matsakaici guda biyu da nake ɗaurawa a gidan nan ɗaya idan sanyi ya sa na koma riga mai kauri da ƙarin dalma.