Manyan motocin alfarma a idon mai gyaran fenti

Sana'ata gyaran fenti ce da kula da cikin mota. Kamfanin namu ƙarami ne: ni, da masu feshi biyu, da wani dattijo mai ɗinkin kujeru, sai yara masu koyon aiki. Tun da daɗewa muka taƙaita kanmu ga manyan motocin alfarma masu ƙofa huɗu, irin su S-Class ta Mercedes, da 7 Series ta BMW, da A8 ta Audi, da LS ta Lexus, jefi-jefi kuma a kawo Bentley ko Rolls-Royce. Ba kasafai suke zuwa mana suna sababbi ba. Sai sun sha rana, sun sha wanki, sun canja hannu, sannan su iso ƙofarmu. Shi ya sa idan masu mota suka zauna jiran aiki gardama ta ɓarke kan wace ce ta fi daraja, nakan ga abin ta wata fuska dabam. Mai sayarwa ya san mota ran da ta fito daga kamfani, mu kuwa mun san ta bayan ta shekara goma a titi, kuma a lokacin ne ake gane wadda aka zana don ta daɗe.

Kafin mu taɓa kowace mota sai an wanke ta tas, a shigar da ita ɗakin fitilu, a kashe sauran hasken wurin. Akwai wata 'yar na'ura da muke ɗorawa a jikin bodi ta faɗa mana kaurin fenti. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani yawanci bai wuce maikron 100 zuwa 150 ba (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma shafin sama mai sheƙi, wanda shi kaɗai muke da izinin ci da injin goge, bai kai rabin hakan ba. Idan na'urar ta nuna 400 a ƙofa ɗaya, to an taɓa yi wa ƙofar feshi, ko mai motar ya sani ko bai sani ba. Bayan awo sai na tsuguna a gefen fitilar baya, na bi layin haske da ido har zuwa fitilar gaba. A baƙar mota babu abin da ke ɓuya. A nan nake ganin aikin mai zane: ko hasken ya tafi sumul daga wannan kai zuwa wancan, ko kuwa ya kakkarye a kan lanƙwasa da tsagi da aka jibga don a burge mai kallon hoto.

Mercedes ce ta fi kowa riƙe wannan sirri, kuma dalilin yana da suna: Bruno Sacco, ɗan Italiya da ya shugabanci sashen zanen kamfanin daga 1975 zuwa 1999. Ƙa'idarsa ita ce sabuwar mota kada ta kunyata wadda ta gada. Wanda ya sayi ta bana kada ya ji ya zama ɗan baya idan ta baɗi ta fito. S-Class ɗin da ta fito a 1979, wadda ake kira W126, ita ce shaidar wannan tunani. Gefenta fili ne, layi ɗaya tak ke ratsa shi, tagoginta manya, babu wani ado da ya wuce buƙata. Har yau idan muka gama goge ta aka fito da ita rana, yaran shago sukan tsaya kallo, alhali ta girme su duka. Darajar S-Class ba a zane kaɗai ta tsaya ba. A jikinta Mercedes ta fara sayar da birkin ABS na lantarki, mai hana taya kullewa idan an taka birki, a 1978, jakar iska ta direba ta biyo baya a 1981, don haka mutane suka saba da cewa abin da ka gani a S-Class yau shi ne zai sauko ga sauran motoci nan gaba. Ga kuma tauraron nan da ke tsaye a kan bonet, wanda ko yaro ya hango shi ya san babba ne ke tafe. S-Class ɗin da ta fito a 2020 ta riƙe mutuncin nan daga waje, jikinta santsi, hannayen ƙofarta suna shigewa cikin bodi. Cikinta ne nake da ja a kai, zan kuma dawo kan wannan.

BMW hanyarta dabam, kuma ita ce ta fi jawo musu a shagonmu. Wanda duk ya san motocin nan zai gaya maka 7 Series ta 1994, wato E38, tana cikin mafi kyawun da aka taɓa ƙerawa: doguwa, siririya, zaune daram a kan tayoyinta, ga 'yar lanƙwasar nan ta tagar baya da ake jingina wa mai zanen BMW Wilhelm Hofmeister tun 1961. Sai 2001 ta zo, a zamanin shugaban zanen kamfanin Chris Bangle, aka fito da wadda ta gaje ta da but mai tudu kamar an ɗora mata murfin wata motar, da kuma iDrive, wato maɓalli ɗaya da ke juya komai. Duniya ta yi caa. Amma motar ta sayu, kuma cikin 'yan shekaru kusan kowane kamfani ya yi irin nasa maɓallin. Daga nan BMW ta gane cewa surutu ma talla ne. A 2019 ta ƙara wa ragar gaban girma da kusan kashi 40 cikin ɗari, a 2022 kuma ta fito da sabuwa mai fitilu hawa biyu da allon kallo mai inci 31 da ke saukowa daga rufi don na kujerar baya. Motar da aka sani da daɗin tuƙi ta koma zawarcin wanda ake tuƙawa.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba: ragar nan ta yi min yawa. Sai dai na yarda motar tana da kwarjini idan ta tsaya a gabanka, kwarjinin da hoto ba ya nunawa. A wurin aiki kuwa tana ba mu wuya, domin gefenta bango ne mai faɗi, ƙaramar lotsawa ana hango ta daga nesa, kuma idan aka yi wa ƙofa ɗaya feshi dole a zarce da launin zuwa maƙwabtanta kafin ido ya yarda.

A8 kuma saboda ita muka keɓe kusurwa guda a shago da kayan aikinta na kanta. Tun fitowarta a 1994 Audi ta gina ta da alminiyom, shi kuwa ba ya shiri da ƙurar ƙarfe. Idan ka goge bodin ƙarfe da takardar yashi sannan ka kai ta jikin alminiyom, ɓurɓushin zai nutse a ciki, bayan watanni fenti ya fara ƙuraje daga ƙasa. Don haka gudumarta dabam, takardar yashinta dabam, har tsumman gogewa ba ma haɗawa. Ina ƙaunar aikin motar nan. Tsagin da ke tsakanin ƙofa da ƙofa siriri ne kuma daidai yake daga sama har ƙasa, layukanta kaifi gare su kamar an yanka da reza. Rauninta ɗaya ne, kuma babba ne a wannan kasuwa: daga nesa ba kowa ke bambanta ta da ƙanwarta A6 ba. Masu sayenta galibi mutane ne da ba sa son a san sun iso, kuma irin waɗannan ba su da yawa cikin masu neman motar alfarma.

Lexus ta shigo fagen a 1989 da LS 400, ta girgiza Jamusawa da shirun injinta da tsabtar haɗinta. Dattijon da ke mana ɗinki, idan ya kwance kujerar tsohuwar LS, yakan kira yara su zo su ga ɗinkin da ke can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, domin daidai yake da na sama. A ta 2017 sun sa gilashin Kiriko da ake sassaƙawa a Japan a jikin ƙofa, tare da yadi da aka ninninke da hannu. Duk da haka, idan aka jera ta da S-Class a ƙofar otal, mai gadi wurin Mercedes zai fara nufa. Abin da ya rage wa Lexus tarihi ne, shi kuwa ba a haɗa shi a masana'anta. Genesis ta Koriya ta Kudu, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2015, tana bin wannan sawu da G90, har ta ɗauko Luc Donckerwolke daga Bentley ya jagoranci zanenta. Jaguar XJ, da aka fara a 1968, an daina ƙera ta a 2019, kuma duk sanda aka kawo mana ɗaya nakan ji ba daɗi, domin babu mai ƙirar jikinta a cikin waɗanda suka rage.

Rolls-Royce da Bentley aji ne na sama, ko da yake su ma a hannun Jamusawa suke: Volkswagen ke da Bentley tun 1998, BMW kuma ke ƙera Rolls-Royce a Goodwood ta Ingila tun 2003. A nan aikin hannu ne ke magana. Siririn layin nan da ke bin gefen Rolls-Royce daga gaba har baya, da buroshi ake jan shi, da hannu, a kan fentin da aka riga aka gama. Idan injin goge ya bi ta kansa ya cinye shi, babu wanda zai mayar da shi a shagona. Saboda haka ni da kaina nake rufe shi da tef, kuma abin da ke kusa da shi da hannu ake gogewa, ko da zai ci yini. Katakon cikin su ma haka yake. Ana yanka shi falle-falle daga kututture ɗaya a jera shi yadda zanen dama zai zama madubin na hagu. Idan falle ɗaya ya tsage, samun ɗan'uwansa sai an yi da gaske.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne cikin motocin, kuma kusan duk kamfanonin sun faɗa ciki. Fata mai kyau tana tsufa da mutunci, muna iya wanke ta, mu ciyar da ita, mu maido mata da launi. Katako ana kankare shi a sake shafe shi. Amma baƙar robar nan mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a tsakiyar dashbod, ko da tsumma mai laushi ka share ta sai ta yi zane. Allon taɓawa kuwa saurin tsufansa irin na wayar hannu ne. Motar da aka ƙera don ta yi shekara ashirin an manna mata abin da zai zama tsohon yayi cikin biyar, kuma babu abin da mai ɗinki ko mai feshi zai iya yi masa.

Wani dattijo da ke kawo mana motarsa ya taɓa tsayar da ni yana shirin canja ta. Ya ce, "Malam, kai da kake ganin cikinsu da wajensu, wacce zan ɗauka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kai za ka tuƙa ko tuƙa ka za a yi?" Ya ce direba gare shi. Na ce to ya bar duba gaban mota, ya buɗe ƙofar baya ya zauna, ya ji yadda ƙofar ke rufuwa, ya ga ko sai ya sunkuyar da kai kafin ya shiga. Sannan ya nemi irinta mai shekara takwas ko goma ya duba gefen kujerar da ake zamewa wajen fita, da maɓallan da yatsa ya fi taɓawa. Wanda ke tuƙa kansa kuma yana son a ji shi, BMW nake nuna masa. Mai son kwanciyar hankali da ƙarancin zirga-zirga wurin bakanike, Lexus. Wanda yake so a gane matsayinsa ba tare da ya buɗe baki ba, har yanzu ban ga wadda ta kama ƙafar S-Class ba.

Motocin lantarki sun sake buɗe gardamar. Mercedes ta fito da EQS a 2021 da jiki mai santsi kamar baka don ta tsaga iska, ba dogon bonet, ba tauraro a tsaye. Masu sayen manyan motoci da yawa ba su ga alfarma a wannan siffa ba, kuma da aka sabunta ta a 2024 sai ga tauraron ya dawo kan bonet, an kuma yi wa gabanta layukan azurfa irin na S-Class. BMW ita kuwa jiki ɗaya ta ba i7 da 'yar'uwarta mai shan mai, sai ka matso kusa za ka bambanta su.

Mu ma a shago abin ya taɓa mu. Bayan feshi akan shigar da mota ɗakin zafi don fenti ya bushe ya yi ƙarfi, batirin motar lantarki kuwa ba ya son zafi mai yawa, kuma kowane kamfani yana da iyakar zafi da ta lokaci da ya gindaya. Yanzu kafin a kunna ɗakin sai mun duba takardar kamfanin motar, wani lokaci mu sauke zafin mu ƙara lokaci, wani lokaci kuma mu cire ƙofar ko bambar mu gasa ta ita kaɗai. Masu feshina biyu sun riga sun je horo kan yadda ake kashe wutar babban batiri kafin a taɓa bodi, kuma yaran da ke koyo su ma da wannan darasi suke farawa yanzu, kafin a ba su injin goge.