Baƙar saniya da jan maraƙi

Makiyayan Damagaram, in baƙar saniya ta haifi jan maraƙi, kada a yi saurin ɗora wa bijimin maƙwabci laifi. A Dexter, ƙananan shanun nan na ƙasar Ayalan, an gano dalilin sarai. Ƙwayar gadon launi 2 maraƙi ke ɗauka, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba, kuma baƙi na danne ja. In sa da saniya duk baƙaƙe ne amma kowanne ya ɓoye ja a jininsa, kusan 1 cikin 4 na 'ya'yansu ja zai fito. Ja da ja kuwa ba sa haifar baƙi. Shanunmu masu tozo, irin Azawak, lissafinsu ya fi wuya, don bijimi kan ƙara duhu a wuya da tozo yayin da yake girma.